Guzurin da ba ya ba da kunya a hanya

Ayaba ce ta koya mini haɗa guzuri. Mu huɗu ne muka shirya hawan wani dutse, muka ƙiyasta awa 3 zuwa da dawowa. Na jefa ayaba huɗu a ƙasan jakar goyo, na danne su da gorar ruwa da takalmi da cajar waya, na ƙara da cakulan biyu da ragowar shinkafar dare a cikin roba. Wajen saukowa muka ɓata hanya, awa 3 ta koma 7. Da muka samu inuwa na buɗe jaka, ayaba ta dame ta shafe caja da safa, cakulan ya narke ya manne wa takardarsa, shinkafar kuwa ina ɗaga murfi na mayar da shi da sauri. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan guzuri ne ko shara ka goyo mana?" Abin da muka kai bakin salati ran nan wata 'yar ledar gyaɗa da dabino ce da ya cusa a aljihun wando, wadda na yi masa dariya a kanta da safe.

Tun daga ranar, duk abin da zai shiga jakata sai na yi masa tambayoyi. Idan rana ta dake ka awa 6, yaya za ka koma? Idan aka danne ka da akwati fa? Zan iya cin ka da hannu ɗaya, ina tafe ko ina matse tsakanin mutum biyu a mota, ba cokali ba wuƙa? Wanda ya ba da amsa mai kyau shi ke bi na. Maganar daɗi daga baya take zuwa, domin na sha ganin abincin da ake rububi a gida ya koma abin da ake neman inda za a zubar.

Busasshe shi ne ginshiƙi

Ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci danshi suke nema, shi ya sa busasshen abu ke jure zafi da daɗewa. Ga kuma maganar nauyi, wadda ba ka sanin ta sai kafaɗa ta fara ƙorafi. Giram 100 na tuffa kalori 52 ne ko kusa da haka, ayaba kusan 89. Dabino yana kai wa 280, zabibi kusan 300, gyaɗa kuwa ta haura 560. Wato ƙarfin da giram 100 na gyaɗa zai ba ka sai ka ɗauki sama da kilo guda na tuffa kafin ka same shi. Dalili shi ne mai: giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sukari ko sitaci ko furotin kuma 4 kacal, sannan yawancin nauyin ɗanyen ɗan itace ruwa ne.

Waɗanda suka yi tafiye-tafiyen da rai ke hannun Allah sun daɗe da gane wannan. Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norwe da ya jagoranci mutanen farko da suka taka tsakiyar ƙarshen kudancin duniya a watan Disamba na 1911, guzurinsa biskit ne da cakulan da garin madara da wani haɗi na busasshen nama da kitse, wanda asalinsa abincin tafiya ne na 'yan asalin Arewacin Amurka. Edmund Hillary da Tenzing Norgay da suka kai ƙololuwar dutsen Eberest a 1953, cikin kayansu har da wata alewar sukari da na'a-na'a da ake yi a garin Kendal na Ingila. Su cakulan bai ba su matsala ba tunda cikin ƙanƙara suke. Man da ke cikinsa yana narkewa ne tun kafin a kai zafin jikin mutum, don haka aljihunka ma ya ishe shi. Alewar cakulan ta M&M's da aka fara yi a 1941 an lulluɓe ta da ɓawon sukari ne saboda wannan, kuma sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Ni dai a lokacin zafi na haƙura da cakulan gaba ɗaya.

Abin da na ɗauka daga wajensu shi ne a haɗa mai zaƙi da mai maiƙo. Zaƙi yana farfaɗo da mutum nan take, amma ba ya riƙe ciki. Ka sha alewa zalla, bayan ɗan lokaci gwiwa ta sake saki. Gyaɗa da danginta suna daɗewa kafin su narke, su ke tallafe ka zuwa zango na gaba. Sai ɗan gishiri, tunda gumi yana tafiya da shi.

Haɗin da na fi yi ke nan, kuma ba ya buƙatar kunna wuta:

- soyayyiyar gyaɗa mai ɗan gishiri, kofi 2
- dabino da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka, kofi 1
- zabibi, wato busasshen inabi, kofi 1
- kashu, rabin kofi, in da hali
- busasshiyar kwakwa da aka fere, rabin kofi

Ka juya su a kwano, ka rarraba a ƙananan ledoji masu zik, kowace kamar cikin tafin hannu biyu. Rarrabawar nan ita ce rabin dabarar. In ka bar shi a babbar leda guda, hira za ta yi daɗi, hannaye su yi ta shiga, kafin a ci rabin hanya an ga gindinta. Kowa ya riƙe tasa, kuma hannun da ya kama ƙofar mota da kuɗi ba sai ya shiga abincin kowa ba. Zazzagawa ake yi a baki. Wani abu da na lura da shi: zabibi da dabino mai laushi suna sakar wa gyaɗa danshi, bayan kwana biyu ko uku sai ka ji ta daina ƙaras-ƙaras. In tafiyar mako ce, ka ware su, ka riƙa haɗa na kowace rana da safe.

Akwai kuma dunƙulen dabino, wanda yarana suka fi so. Dabino kofi ɗaya da rabi ba ƙwallo, soyayyiyar gyaɗa kofi 1 da aka murje wa ɓawo, soyayyen riɗi cokali 3, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da garin citta kaɗan. Ka fara ɓarza gyaɗar a turmi ko bilanda, kada ta yi laushi har ta fara fitar da mai. Ka kwashe ta, ka daka dabinon har ya zama danƙo, sannan ka mayar da gyaɗar da sauran ka haɗe su. Ka mulmula kamar girman ƙaramin lemon tsami, ka birgima kowane a cikin riɗi don kada ya manne wa ɗan'uwansa, ka sa a firji awa 1 ya ƙanƙame. In dabinon ya bushe da yawa, ka jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10, amma ka tsane shi sosai, kuma ka san wanda aka jiƙa ba ya daɗewa kamar wanda ba a jiƙa ba. Nawa yakan yi kwana 3 zuwa 4 a jaka lafiya lau. Biyu da kurɓin ruwa sun sha tsaya mini a matsayin karin kumallo.

Tunda gyaɗa ce uwar tafiyar, bari in tsaya a kanta. Ka baza ta a tire ka tsince duk wadda ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko ta huje, ko take warin ajiya. In ka tauna ka ji ɗaci, ka tofar. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi, tana fitar da gubar da ake kira afalatokzin, mai illata hanta. A 1960 aka gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Barazil. Suya ba ta kashe wannan guba gaba ɗaya, don haka tsincewa da ajiya a busasshen wuri su ne kariyar. Sannan in da baƙo a ayarin, ka tambaya ko jikinsa yana karɓar gyaɗa. Akwai mutanen da ƙwaya ɗaya ke toshe wa numfashi, kuma daji ba wurin gano hakan ba ne.

Sauran busassun ba su da dogon bayani. Busasshen nama yana riƙe ciki sosai, sai dai yana jawo ƙishirwa, ka ƙara masa ruwa a lissafi. Biskit mara zaƙi yana son roba mai tauri, in ba haka ba gari za ka tarar. Gugguru ba nauyi amma yana cinye wuri, na mota ne. Kifin gwangwani yana da amfani inda za a kwana, ka zaɓi mai zoben buɗewa a murfi, kuma da an buɗe a cinye. Na taɓa ƙoƙarin buɗe gwangwani da makullin mota. Tabon yana nan a babban yatsana.

Masu lalacewa: su ake fara ci

Ba na cewa a bar ɗanye da dafaffe a gida. Bayan awa huɗu ana tauna busasshe, baki yana neman abu mai ruwa-ruwa. Sai dai waɗannan suna da agogo. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma cikin jaka ko bayan mota a nan tsakanin yake. Ƙa'idar da hukumomin kula da abinci na Amurka suka daɗe suna nanatawa ita ce kada abinci mai lalacewa ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1. Mota da aka rufe a rana tana wuce wannan nesa ba kusa ba. Kuma hanci ba ya kama komai. Shinkafata ta yi mini kirki da ta yi wari, domin sau da yawa abincin da zai kwantar da mutum ba ya sauya ƙamshi ko ɗanɗano. Dafaffiyar shinkafa ma tana da nata makirci: akwai wata ƙwayar cuta da ke tsallake dahuwa, in shinkafar ta huce ta zauna sai ta farka ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar. Na cire ta daga jerin guzuri har abada.

Dafaffen ƙwai mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar dutse, su ajiye shi wuni biyu a jaka. Dahuwa tana wanke wani siririn rufi da ke kare ɓawon, shi ya sa dafaffe ya fi ɗanye saurin lalacewa. A firji yana yin mako guda, a waje kuwa dokar awa biyun nan tana kansa. Yadda nake yi: in dafa da dare minti 10 zuwa 12, in tsoma a ruwan sanyi, ya kwana a firji da ɓawonsa, da safe ya shiga jaka kusa da ƙanƙara, kuma shi ne abin da ake ci a tsayawar farko. Wanda ya fashe wajen dahuwa a gida ake cinye shi. Ka ƙulle gishiri da ɗan barkono a takarda. In motar haya ce a rufe, ka tausaya wa maƙwabta ka bari sai an sauka.

Ƙanƙarar da na ambata ba wani abin saye ba ce. Gorar ruwa ta roba nake sa wa a firiza ta kwana, in bar sarari kamar yatsu uku a sama, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, yana iya fasa gorar. In naɗe ta da ƙaramin tawul, in jera ƙwai da burodi a jikinta. Kafin azahar ta narke, ka samu ruwan sanyi a daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Burodi kuwa, abin da ka sa a cikinsa shi ke yanke masa hukunci. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shafi da ɗan zuma suna wuni ba abin da ya same su. Mayonis da kifi ko nama ko ƙwai sai da sanyi. Tumatir yana jiƙa burodi ya yi lakwas, ka ɗauke shi daban ko ka bar shi. Cuku mai tauri ya fi mai laushi juriya, ko da yake a zafi yakan yi gumin mai.

Cikin 'ya'yan itatuwa, lemon zaƙi da tuffa su ne 'yan tafiya: suna zuwa da rigarsu, ba sa jin matsi. Karas ma haka, a wanke a kankare tun daga gida. Kokwamba a bar ta ɗungurungum sai za a ci. Duk abin da aka yanka ya shiga sahun masu agogo, musamman kankana. In dole ka yanka wa yara tuffa, ka matsa mata lemon tsami don kada ta yi baƙi. Ayaba na yafe mata, amma da sharaɗi: wadda ba ta gama nuna ba, a can sama, a ci ta da wuri. Kada ta kwana a leda ɗaya da tuffa, iskar da suke fitarwa tana gaggauta nunar juna.

Duk wannan shirin ba ya aiki in ruwa ya gaza, domin busasshen abinci ruwan jikinka yake ara. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama ka. In gumi ya yi yawa kana ta ɗirkar ruwa zalla ba ka cin komai, gishirin jiki yana iya raguwa har ka ji kasala da ciwon kai, nan ne gyaɗa mai gishiri ke biyan kuɗinta. Ina kuma ajiye ƙunshin gishiri da sukari irin na kemis guda biyu saboda gudawa. In babu, ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai tashin zuciya a mota ya guji maiƙo kafin a tashi, ya riƙe busasshen biskit da 'yar citta. Matata ta fi yarda da citta fiye da komai, kuma tun da ta fara tsotsa ba mu ƙara tsayawa a gefen titi dominta ba.

Shirin jaka bai da wuya: mai nauyi da mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, abin da za a ci a awa biyun farko a aljihun waje inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba. Duk mai iya zuba, leda biyu. Ka ƙara da tishu, da ɗan sanitaiza, da leda guda babu komai a ciki domin shara.

In da ƙananan yara, lissafin yana sauyawa. Yaron da bai kai shekara 5 ba, ba a ba shi gyaɗa ko kashu ɗungurungum, ko gugguru, ko alewa mai tauri, suna iya maƙale masa a maƙoshi, balle a motar da ke tsalle a ramuka. Inabi a tsaga shi a tsaye, dabino a cire ƙwallo. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan. Na fi son a tsaya a ci a zaune, ina kallon bakin kowa. Kuma kada ka nuna musu duka guzurin tun a ƙofar gida. Abin da ba su san da shi ba shi ke kashe rigimar awa ta biyar.

Jirgin sama yana da nasa dokoki. Tun 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari da abubuwa masu ruwa a Birtaniya, yawancin filayen jirgi ba sa barin ka shiga da abu mai ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Zuma da yogot suna ciki, a Amurka har markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ruwa suke lissafa ta. Ka wuce bincike da gora babu komai, ka cika ta a ciki. Iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse ce mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, shi ya sa ledar da aka rufe take kumbura, kuma kwalbar da murfinta bai zauna ba take tsiyaya a kan tufafi. Babban tarkon yana wajen sauka. Ƙasashe da yawa ba sa yarda a shigo da ɗanyen 'ya'yan itace ko nama ko iri, don kare gonakinsu da dabbobinsu. Ostareliya da Niyu Zilan sun yi suna a tsanani. A Niyu Zilan rashin bayyana irin wannan kaya yana jawo tara nan take. A 2018 an ci wata mata tarar dala 500 a Amurka saboda tuffa guda da aka ba ta a cikin jirgi daga Faransa, ta ajiye a jaka. Ka cinye kafin a sauka, ko ka jefa a kwandon da suka tanada, ko ka rubuta a takardar kwastam su yanke hukunci da kansu.

Inda za a kwana a daji, abinci ba ya kwana a tanti ɗaya da kai. Kiyashi da ɓeraye su ne ƙananan baƙi. A gandun dajin Yosemite na Amurka dole ne masu kwana a daji su kulle abincinsu a wani mazubi na musamman da dabbar beyar ba ta iya buɗewa. Ni biri ne ya taɓa fizge mini ledar burodi daga hannu, ya hau reshe yana ci yana kallona. Wani ne ya saba ba shi, shi ya sa ya daina tsoron mutane, don haka ba na jefa wa dabba ko ɓawo. Ɓawon ayaba da na lemo ma a ledar shara nake dawo da su, domin a wuri mai sanyi ko busasshe suna yin watanni ba su ruɓe ba.

A can ƙasan jakata akwai wata leda da ba ta cikin lissafin kowace tafiya: dabino goma sha biyu, gyaɗa cikin tafin hannu, biskit ƙunshi ɗaya. Duk wata biyu nake sauya ta, in cinye tsohuwar a gida. Sau biyu kawai na taɓa buɗe ta a hanya. Na ƙarshen, motarmu ce ta mutu da dare nesa da kowane gari, direba ya tafi neman makanike, muka zauna a gefen titi har wajen asuba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi shiru tun yamma, na lura hannunta yana rawa. Na miƙa mata ledar na ce, "Mama, bismillah." Ta laluba ta ɗauki dabino uku, ta mayar mini da sauran ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Gyaɗar ka ba masu haƙori."